Mutumin Nguru da Bai Zo Gaisuwa Ba

Kakana na wajen uba ya rasu wata Talata da hantsi, tsakiyar damina, a ɗakinsa da ke Gafasa. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ba mu san shekarunsa daidai ba. Manya sun ce ya haura tamanin, ni ma haka nake zato, amma ba ni da takardar da zan kafa hujja da ita. Malam kowa yake ce masa, duk da cewa bai taɓa ajiye makaranta ba.

Kwana biyun farko na zaman makoki ba ni da abin cewa a kansu. Mutane sun zo daga Ajingi da Gaya da Balan, wasu a babur, wasu a a-daidaita-sahu, ƙafafunsu duk taɓo. Aka yi ta "ya haƙuri", muna ta "da godiya". Wani tsoho da suka yi iyakar gona da Malam ya ce shekara hamsin bai taɓa samun kunyar gonar Malam ta matso ko taƙi ɗaya ba. Ya faɗi haka, ya shafa addu'a, ya tashi. Da a nan aka tsaya, da ban ɗauki biro ba.

Ranar uku ne, bayan an yi addu'a an fito da abinci, ƙanin kakana ya duba hanya ya ce, "Wai har yanzu mutanen Nguru ba su zo ba?"

Dole in yi bayani a nan. Fiye da shekara arba'in, duk shekara in an gama girbi an rufe rumbu, Malam yakan ɗauki jakarsa ya nufi tashar Ringim, ya hau jirgin ƙasa zuwa Nguru, wai gaida abokinsa. Kwana huɗu ko biyar sai ga shi ya dawo da bandar kifi. Babu wanda ya taɓa ganin abokin nan. Ko sunansa ba a riƙe ba, Mutumin Nguru kawai ake cewa. Amma a gidanmu yana nan kamar ɗan uwa. In Malam ya dawo akan tambaye shi, "Ya ka baro Mutumin Nguru? Ya iyalinsa?" Shi kuma ya ce lafiya lau, suna gaisuwa.

To ga Malam a kabari kwana uku, ko yaro ba a turo daga Nguru ba.

"Butulci ke nan," in ji ƙanin kakana. "Yaya ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar garinsu. In na ce sun ci kaza goma ta gidan nan, ai na rage."

Sai wani abokin Baffana, cikin waɗanda suka zo daga Gaya da manyan riguna, ya kai loma, ya lashe yatsa, ya ce, "Baba, aboki shekara arba'in ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa? Ni dai ina jin abokin nan ɗankwali yake ɗaurawa."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, zan yi adalci, amma an yi. A kan tabarmar makokinsa, da shinkafar sadakarsa a bakinsu. Wani ya ƙara da cewa tsofaffin nan ai ba a raina su. Na kalli mai a gefen bakin mutumin nan, na tsame hannuna daga abincin. Kafin la'asar maganar ta shiga cikin gida. Gwaggona da ke aure a Balan ta fito ta same ni a zaure, idonta jawur, ta ce mata suna ta ƙus-ƙus a bayan ɗakin Inna, wai Malam yana da mata da 'ya'ya a Nguru. Inna ita ce kakata, matarsa ɗaya tilo, tana zaune a ciki ta fara takaba.

Ni kaɗai a wurin, a zatona, na san gaskiya. Babu mata a Nguru. Babu aboki ma.

Ga yadda na sani. Lokacin da nake aji uku a jami'a, ina karatun tarihi, na zo hutu gida. Ina zaune gindin darbejiyar ƙofar gida da takarduna, Malam yana gyaran ƙotar fartanya. Tsakaninmu akwai wasan jika da kaka, ba ya kirana sai ɓarawon mata, wai ina neman ƙwace masa Inna.

"Kai ɓarawon mata, yau kuma wace ƙaryar Turawan suka rubuto maka?"

Na ce masa muna karanta yadda jirgin ƙasa ya canza rayuwar mutanen Ingila ne, zamanin wata sarauniyarsu da ta daɗe a kan mulki, tun kafin Turawa su ci Kano. Na ce, in na fahimci abin daidai, kafin jirgi masu hali ne kaɗai ke tafiya don nishaɗi. Da layin dogo ya ratsa ƙasar, sai leburorin masaƙa da maƙera suka fara cika jirgi da matansu da 'ya'yansu, su tafi bakin teku. Wasu yini ɗaya, wasu mako guda. Su zauna a kan yashi da kayansu a jiki, su ci guzurinsu, su kalli ruwa, su dawo.

Ya ajiye fartanyar.

"Wajen wa suke zuwa?"

"Ba wajen kowa ba, Malam."

"Ba biki? Ba gaisuwar mutuwa? Ba saro kaya?"

"Babu. Kallo kawai."

"In an tambaye su fa, me suke cewa?"

"Sai su ce hutu suka je."

"Haka kawai, a gaban mutane? Ba a yi musu dariya?"

Na ce na karanta cewa wasu limaman cocinsu sun yi ta faɗa a kan masu tafiya ranar ibada, amma ban ga inda aka ce an mai da su mahaukata ba. Malam ya duba hagu da dama, ya ce, "Ashe ina da dangi a Ingila."

Ranar ya ba ni labari. Yana saurayi yakan kai gyaɗa tasha a kan jaki. Kullum ya ga jirgi ya wuce gabas sai ya tambayi kansa ina ƙarfen nan ya ƙare. Wata shekara bayan girbi ya shiga, ya sami wuri kusa da taga. Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, yana lissafa min su kamar sunayen 'ya'yansa. A Nguru dogo ya ƙare. Ya sauka, ya bi mutane, ya ɓulle bakin wani ruwa da bai ga ƙarshensa ba, ga goruba, ga tsuntsaye iri-iri da bai san sunansu ba. Ya zauna har azahar. Ya yi salla ya koma ya zauna. Ya kwana biyu a masallacin kusa da tasha, ya juyo.

Da ya dawo, mahaifinsa yana zaure ya tare shi: "Wajen wa ka je?"

"Ka gane," in ji Malam, "a garin nan mutum ba ya tafiya sai da wajen wa. Ko fatauci, ko cin rani, ko biki, ko mutuwa, ko neman karatu. In na ce ruwa na je gani, rubutu za a fara ba ni a ƙwarya, a ce iska ta taɓa ni. Ko a ce na lalace, a hana ni mata. Sai bakina ya ce, wajen wani abokina. Shi ke nan na haifi mutum, na yi shekara arba'in ina ciyar da shi."

Ciyarwa kuwa ta gaske. Ba a zuwa wajen aboki hannu sake. Duk shekara Inna takan daka kuka, ta zaɓi daddawarta mafi kyau, a ɗaure kaza, a ce a kai wa iyalin Mutumin Nguru. Na tambaye shi ina kayan suke zuwa. Ya ce kafin Gagarawa ya rabar da su. Yakan duba taragon ya ga wadda ta fi kowa alamar wahala, mai goyo ko tsohuwa, ya ajiye mata kazar a gabanta ya ce saƙo ne aka ba shi, ya koma tagarsa kafin ta tambayi daga wa. Kifin kuma a kasuwa yake saya da kuɗinsa. Ni kaina na sha jin manya a gidanmu suna cewa kifin Mutumin Nguru daban yake da na kasuwa.

Na ce, "To me kake samu a tafiyar?"

Ya ce, "A jirgi ne kaɗai nake zama babu mai jiran in yi masa wani abu. Gonakin mutane suna wucewa, ba ni zan nome su ba."

Ba na so in mai da shi waliyyi, don shi ma bai mai da kansa ba. Ƙaryar nan ta cuci mutum ɗaya, ƙaninsa. Wata shekara ƙanin ya so shiga sana'ar kifi, ya roƙi Yayansa ya tafi da shi ya haɗa shi da Mutumin Nguru. Malam ya yi ta kwana-kwana. Da ya ga ba mafita, ya ce masa Alhamis za su tafi, ya sulale ranar Laraba. Ƙanin ya zo Alhamis da jakarsa da sabuwar hula, yara suna kallo, aka ce masa ai tun jiya. Shekara biyu ba ya shiga gidanmu sai da salla. Ya yi ta faɗa a gari cewa Yaya yana yi masa baƙin cikin arziki.

"Na zalunce shi," in ji Malam. "Ina istigfari a kan wannan fiye da sauran."

Da jirgi ya zama yau akwai gobe babu, ya gwada mota sau biyu, ya ce ba ta yi ba, tana gudu kamar an koro ta, kuma gwiwar wani a haƙarƙarinka. Daga baya ƙafa ta ƙi, ya daina zuwa. Na ce me ya hana shi cewa abokin ya rasu, a huta? Ya yi dariya har da tari.

"Na so in kashe shi, wallahi. Sai na tuna in na ce ya mutu, mota za su cika a tafi gaisuwa."

Sannan ya daina dariyar ya ce amana ce. Kada in faɗa yana raye. "In na mutu kuma, ka duba yadda ya dace." Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta hana ni sukuni a kwanakin makokin. Ni mutum ne da ko saƙon waya sai na karanta sau uku kafin in tura. In na yi shiru, an bar shi da matar ɓoye. In na yi magana, na tabbatar wa duniya ya yi shekara arba'in yana ƙarya. Ban san wanne ne ya dace ba.

Ranar bakwai Baffana ya kira ni cikin motarsa ya rufe gilashi. Shi ne babban ɗan Malam, ɗan kasuwa ne a Gaya, maganarsa ce ke ci a gidan.

"Kai ne ɗan boko," ya ce. "Ka shirya ka tafi Nguru ka bincika a hankali. In akwai mace, in akwai 'ya'ya, gara mu sani kafin a zauna rabon gado."

Na ce, "Baffa, ina ganin, in ka ba ni dama, ba sai an je ba." Na faɗa masa duka.

Ya cire tabarau ya kalle ni. "Kana nufin ubana ya yi shekara arba'in yana zuwa kallon tsuntsu?"

"Da ruwa, Baffa."

"Rufe min baki da ruwa! Wa ka faɗa wa?"

"Ba kowa."

"To kada ka kuskura. Wallahi gara a ce macen ce. Aure ai sunna ne, namiji ne ya yi abin maza. Wannan fa, me za a kira shi? Dattijo da gemunsa, ya bar gida ya je ya zauna bakin tafki kamar wanda aka yi wa kurciya? Ka bar mutane su faɗi abin da suke faɗa, zai wuce."

Wayarsa tana kan cinyarsa. Hoton da ke fuskarta shi ne da iyalinsa a bakin teku a Legas, ya naɗe ƙafar wando, yana dariya. Shi da kansa ya tura mana hoton a zauren danginmu na waya, ya rubuta hutun ƙarshen shekara, aka yi ta sa masa albarka. Wataƙila ban fahimce shi daidai ba, wataƙila akwai bambancin da ni ban gani ba. Abin da na gani dai shi ne, hutu ado ne ga mai mota, ga manomi kuma tabon hauka. Kuma ɗa ya gwammace a ce ubansa ya ci amanar uwarsa, da a ce ubansa yana son kallon ruwa. Na fita daga motar ina jin kamar in wanke kunnena.

Na yi kwana biyu ina zagaye ɗakin Inna. Rana ta uku da hantsi na yi sallama na shiga. Tana kan tabarma da carbi, ba kwalli ba ɗankunne. Na zauna na fara kame-kame, cewa akwai wata magana, ban sani ba ko lokacinta ne, kuma Allah ne masani.

"Kai mijin banza," ta ce, "in za ka faɗa ka faɗa. Babu kowa a Nguru, ko ba ita ce maganar ba?"

Na ce Malam ne ya gaya mata?

"Shi? Har ya koma ga Allah yana zaton ya iya ɓoyo. Ni na gane da kaina tun Gwaggonka tana goye. Kifi. Bana kifi, baɗi kifi. Wace mace ce za ta ci daddawata shekara biyar ba ta aiko min ko turaren wuta ba? Ko 'yar kanwa a ƙulle a tsumma, ta ce a ba uwargida? Ko mayar min da ƙwaryata da wani abu a ciki? Namiji ne kaɗai zai zaci kifi ya isa. Na ce gidan nan babu mace. Daga baya na ce babu gidan ma."

Na ce to maganar da mata suke yi fa?

Ta tsuke baki. "Wanda ya fito daga wajen mace ba ya dawowa da riga baƙa ƙirin, sauro ya cinye masa wuya, yana tambayar tuwo tun daga zaure. Su faɗi wata."

"Amma kika ci gaba da ba shi daddawa?"

"In na daina ai na tona shi. Kuma yakan dawo da haske a fuska. Wata biyu ba ya yi wa kowa tsawa." Ta ja carbi ɗaya, biyu. "Abu ɗaya na riƙe shi da shi. Shekara arba'in bai taɓa cewa ke ma zo ki gani ba. Na yafe masa, amma na riƙe."

Takabarta ta ƙare daidai lokacin da aka gama girbi. Washegarin fitarta ta sa aka tara mu a tsakar gida, ni da Baffa da Gwaggo da ƙanin kakana. Ta ce in nemo mota, za ta Nguru. Na riga na tambaya ko jirgi yana tashi, wani ya ce min e, wani ya ce a'a, na ga ba zan sa tsohuwa jiran abin da ban tabbatar ba.

Baffa bai dube ta ba, ni ya duba. "Kai, me na ce maka? In ta tafi yanzu ai an tabbatar da zancen. Wajen wa za a ce ta je?"

Baffa ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, ko ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. In tana da saƙo sai ta ce wa bango, "A gaya wa wancan." Ranar ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Kai nake wa magana. Ubanka ba shi da aboki a Nguru, ba shi da mata. Ruwa yake zuwa kallo, don yana so. Tsoron bakin irinku ya sa shi ƙarya har ya mutu. Ni na tsufa da wannan. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce uwarka ta tafi kallon ruwa."

Baffa ya sunkuyar da kai. Ban san abin da ke ransa ba, ba kuma zan ƙirƙira masa nadamar da ban gani ba. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi, na kasa gane kuka take ko dariya.

Ƙanin kakana ne ya daɗe yana juya sandarsa. "Wato shekara biyu na yi gaba da Yaya a kan mutumin da babu shi?"

Na ce, "Haka ne, Baba. Ya ce min ya zalunce ka, yana kuma neman gafara a kai."

"Da sabuwar hulata," ya ce. Ya yi ƙwafa. Can ya ce, "Motar nan akwai wuri?"

Mun isa Nguru bayan azahar, mu uku. A tasha Inna ta kwance ƙullin daddawa daga bakin zaninta, ta miƙa wa wata mai goyo da ke sayar da gyaɗa, ta ce saƙo ne, ta wuce. Na tambayi hanya aka nuna mana. Ban sani ba ko daidai inda Malam yake zama muka zauna, goruba dai tana da yawa a wurin. Na shimfiɗa musu tabarma. Ruwa ya tafi har inda ido ya gaza, masunta biyu a kwalekwale, tsuntsaye farare suna sauka suna tashi.

Ƙanin kakana ya duba dama, ya duba hagu. "To? Shi ke nan? Wannan ne?"

"Wannan ne, Baba."

"Ikon Allah. Mutum ya baro gidansa."

Inna ta miƙe ƙafafunta, ta ajiye carbin a cinya. Na fara lissafin lokacin komawa, don direba ya ce kada mu wuce la'asar. Na tashi na tsaya a gabansu zan yi magana.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa ƙaryar da muka tilasta masa da wadda ya ƙara da kansa, Ya ba shi masauki a inda ƙoramu ke gudana, inda ba mai tambayarsa wajen wa ya zo.

Ban kai ga buɗe baki ba ƙanin kakana ya ɗaga sanda ya ture ni gefe.

"Matsa, ɗan nan," ya ce. "Ka tare min."